Lalle a Yatsun Ɗahiru

Alsawra, Omdurman

Ƙanwata Zakiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da aikin jinyarki a Atbara. Tunda waya ta ƙi, na ba Isma'il direban bas wannan takarda.

Mu dai muna nan cikin ikon Allah. Ruwa yakan zo, yakan ɗauke. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami jikin maigidana ne. Tun kafin azumi idon sawun Ɗahiru da wuyan hannunsa ke ciwo, ƙwaurinsa kuwa ko zane ne ya taɓa sai ya cije leɓe. Kan yatsunsa sun yi ƙulu-ƙulu kamar kan taɓarya, farce ya lanƙwaso ya rufe su. Na ce shekarun da ya yi yana feshin fenti a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ne suka taru masa a hannu. Mun je wajen basir mai gyaran ƙashi, ya murza, ya ɗaure, ba sauƙi. Sai nake kwaɓa lalle ina ƙunsa masa hannu da ƙafa, yadda Inna take yi mana idan zafi ya taso.

Salih maƙwabcinmu in ya gan shi da lallen sai ya ce, "Ango, yaushe ne walima?" Shi kuma ya ce, "Da wane haƙorin za ka ci naman?" Yana dariya tari ya sarƙe shi. Tarin dai ya daɗe, ba shi na rubuto a kai ba.

In akwai man shafawa a wajenku, ki taimaka. Allah ya tsare ku.

Yayarki,
Kubra

Atbara

Yaya Kubra,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ba zan aiko da man komai ba.

Haba Yaya! Kin cika takarda da yatsu, tarin kuma kin ajiye shi can ƙarshe kamar baƙon da ba a so. Irin yatsun nan sau da yawa ba daga hannu ciwon yake ba. Daga ƙirji yake tasowa, ko zuciya, ko hanta, kuma ciwon ƙashin tare suke tafiya. Ki daina lallen nan, yana rufe launin farce, likita kuwa yana son ya gani.

Ki sa ya haɗa faratan manuniyarsa biyu baya da baya, ki ɗaga su wajen taga. Mai lafiya, za ki hango ɗan haske a tsakaninsu. In babu, ki ɗauko shi a yi masa hoton ƙirji. Ya rame? Yana tofar da jini? Ki gaya mini gaskiya, kada ki tausasa mini magana yadda kika saba.

A gaida shi. Ki ce masa ango ya zo ya ga dangin amarya.

Zakiyya

Alsawra

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri.

Na yi yadda kika ce. Na fara da nawa yatsun don kada in zalunce shi, na ga hasken. A nasa babu, sai naman da ya haɗe. Ya rame, har na rage masa wuyan jallabiya. Jini kuwa ban gani da idona ba, amma ya soma wanke hankicinsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu.

Sai dai ya ƙi tafiya. Kin san tun da yaƙi ya watsa unguwa, liman ya tafi, shi ne ke wanke mazan da suka rasu a harar nan tamu, wato layinmu. Na karanta masa takardarki, ya ce, "Kubra, in na hau bas, wa zai yi musu sutura? Salih ko jinin kaza ba ya iya kallo." Na ce jikinsa ma amana ne, za a tambaye shi. Ya jawo carbi, ƙwayoyin suna zame masa.

Zakiyya, na gaji. Ba na son in zama wadda ta raba shi da ladansa, ba na kuma son ranar da za a rasa mai wanke shi. Ki sa mu a addu'a.

Kubra

Alsawra

Ƙanwata,

Salama. Jiya an yi rasuwa a layinmu. Ɗahiru ya yi wankan, amma da aka zo ɗaure likkafani yatsun suka ƙi. Salih ne ya durƙusa ya ɗaure, Ɗahiru yana gaya masa yadda ake yi. Da Ɗahiru ya dawo gida ya zauna a bakin gado ya ce, "Ashe ya iya. Haɗa kaya."

Muna tafe da Isma'il ranar Alhamis in Allah ya so. Lallen ya soma fita, gindin farcen ya bayyana.

Na ga ya sa farin yadi a ƙasan jakarsa. Ban cire ba. In kin gani, don Allah kada ki yi masa faɗa.

Yayarki,
Kubra