Baba, Wa Zai Karanta Maka Wannan?

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a Gonin Gora. Yaya aikin faci, yaya sanyin damina?

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Baba, na san ba ka iya karatu ba. Tun ina ƙarama na sani. A coci kana riƙe littafin waƙoƙi kana rerawa da ka, muryarka ta fi ta kowa daɗi, amma shafin da ka buɗe daban, waƙar da ake yi daban. Kakan saci kallon na kusa da kai, in ya juya shafi kai ma ka juya. Na yi shiru, don a lokacin gani nake babu namiji irinka duk unguwarmu ta Makera.

Ka tuna ranar da Mama ta dawo daga ajin iyali, wanda ake yi a firamaren unguwarmu ranar Asabar, iyaye da 'ya'yansu benci ɗaya? Ta rubuta sunanka da hannunta, ta miƙo maka tana dariya, wai ka duba ko ta yi daidai tunda kai ne mai ilimin gidan. Ka ɗauki takardar ka share maiƙon miya da ita. Ka ce, "Tsohuwar jaka ta shiga makaranta." Kashegari ka haɗa kayanka ka bar gidan.

Daidai ta rubuta, Baba. Ba ka gane sunanka ba ne kawai.

A ajin nan har mai naman bakin layinmu yana zuwa, da furfurarsa, jikarsa ce ke riƙe masa fensir, kuma babu mai yi masa dariya. Mama yanzu ita ke karanta takardar maganin ƙanina Iliya, ba ta ƙara tsayawa ƙofar maƙwabta a duba mata ba. Amma ta ce wannan Asabar ce ta ƙarshe. Wai ta raina mijinta da karatu, in ta daina ƙila ka huce ka dawo. Za ta koma duhu don kawai ta taya ka zama a ciki, alhali ba ta ma san kana ciki ba.

A littattafan soyayyar da kake cewa suna lalata ni, namiji yakan dawo a babin ƙarshe, ya durƙusa. Na sha tsara maka irin wannan dawowar, har kalar rigar da za ka sa na zaɓa. Na daina. Jaruman nan ba sa gudun takarda ɗaya.

Ka san ni, ko idonka ba na iya kallo, shi ya sa na rubuta wasiƙar nan. Yanzu zaɓi naka ne. Ko ka ba wani a bakin titi ya karanta maka da ƙarfi a gaban direbobi, ko ka kawo ta gida. Mama za ta iya karanta maka. A hankali take yi, tana bin layi da yatsa, amma ba ta tsallake kalma.

Akwai wuri a bencinmu. Ni zan riƙe maka fensir, ba zan yi dariya ba.

Ubangiji ya kiyaye ka daga motocin hanya, ya kuma hana ka sukuni har ka ji abin da ke cikin nan.

Na so in yaga wasiƙar nan, amma na fasa. Gobe bayan sujada a coci zan hau mota in zo, in sa ta a hannunka da kaina. Ko ka roƙe ni, ba zan karanta maka ba.

'Yarka,
Rahila