Ƙwayoyin da Maryam Take Karanta

Wudil, Jihar Kano

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Fatakwal, ya ruwa? Ya Alhaji da yara, ya ƙafar taki? Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albishirinki. Hukumar da ke tantance kwasa-kwasan lafiya ta zo jami'ar su Maryam ɗina, ta duba ɗakin gwaji da malamai, kuma ta amince da kwas ɗinsu. Yanzu in ta gama za a ba ta lasisin aiki. Kin san yadda fargabar nan ta hana ni sakat.

Da muka je Indabo yi wa Inna albishir, sai ta ɗaure fuska. Ashe tun da ta ji an ce jikarta ƙwayoyi take karanta, ta ɗauka irin waɗanda samari ke sha ne, ko a gidan suna ba ta yarda a yi zancen. Maryam ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Inna, ƙwayoyin jikin mutum ne. A madubin likita muke duba su, mu gano sankarar bakin mahaifa tun ba ta yi ƙarfi ba."

Sai Inna ta ce, "Irin ciwon da ya ɗauke min autata Rabi?"

Tun daga ranar, duk matar da ta shiga gidan sai Inna ta tura ta gwaji.

Ki sa Maryam a addu'a, ki gaishe min da kowa da kowa. Ni dai na je an yi min gwajin. Inna ta ce in gaya miki, saura ke.

Ƙanwarki,
Hauwa