Ku Bar Kalilu da Ƙungiyarsa

Daga yayanka Atiku a Sabon Ibadan, zuwa ga Wada a Gangara.

Bayan gaisuwa, ina Saude da yara? Ƙafar Habi ta yi sauƙi? Tun babban farin da ya kashe shanun maƙwabcinmu Illo ban sake kwana nesa da Gobir ba sai bana. Muna lafiya. Dako muke yi a kasuwa, abinci ana samu, ba kullum ba dai.

Wani mai albasa daga Isa ya ce min 'yan ƙwallon Kamarawa sun lallasa mu, na Bafarawa ma haka, samari na ta ihu a kori koci Kalilu. Wada, da wa zai yi wasa? Da gero ya ƙone na kwaso ɗiyana uku daga ƙungiyarsa zuwa cin rani, har da Alhassan gola. Kalilu ya zo zaurena yana roƙo in bar masa ko golan. Na ce ƙwallo ba ta cika rumbu. Har yau ban janye ba, amma ban so abin ya faɗa kansa ba. Filin nan duk ƙaya ne, ina gani ya share shi da hannunsa, samarin nan ba su da wayo lokacin.

Ka ce su dakata, Allah ya yi musu albarka. Alhassan ya fi mu duka ɗaukar kaya, za mu ji rashinsa a tukunya. Gobe da safe za ni sa shi motar gida.