Shuɗin Zanen Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya rufa asiri. Mu ma nan ƙalau, in ban da gwiwata da ta soma sanar da ni zuwan ruwa tun hadari bai haɗo ba. Kafin komai, ina shaida miki, ki kuma shaida wa duk wanda ya dace, cewa ranar Talata da misalin ƙarfe goma na safe, ni yayanki, mai shekara hamsin da huɗu da littattafai kabad uku, na zura zare a kafar allura. Minti ashirin aka yi ana gwabzawa. Ba a rasa rai ba.

Na ga saƙonki cewa in aiko miki da shuɗin zanen Inna, wanda take ɗaurawa in za ta unguwa, don 'yarki ta riƙe abin da kakarta ta taɓa. Wata biyu ke nan ina juya amsar a baki.

Kin tuna da Inna ta rasu muka raba tufafinta kashi uku, kika bar naki a hannuna. Babban Yaya ya kwashi nasa ya kai shagon ɗinkinsa, ya sa musu almakashi. Ya yi wa mai gadin layinmu matashin kai saboda ciwon wuya, ya haɗa wa jaririn mai shara ɗan bargo, ya ɗinka wa nas ɗin da ta yi jinyar Inna jaka. Ba da keke ba, da hannu. Kullum kafin ya buɗe shago sai ya kashe rediyo ya zauna awa guda yana soka allura, wai yana so ya san kowane ɗinki da ya bar hannunsa. Na sa masa suna shehin tsummoki, ya yi dariya. Amma ranar da na ga koren zanen Inna ƙarƙashin ƙeyar mai gadi, duk maiƙo, sai dariyar ta ƙare. A gaban masu kawo ɗinki na ce masa yana yayyanka uwarmu yana raba wa mutanen da ko sunanta ba su sani ba. Bai ɗago kai ba. Tun ranar, daga bakin ƙofa yake gaishe ni.

Ni kuwa na bi hanyar masu ilimi. Na sayi akwatin ƙarfe da kwaɗo, na jera nawa da naki, na tura shi ɗakin baya jikin bango. Ban yi tunanin bututun banɗaki ta bayan bangon nan ya bi ba. Shekara shida ban buɗe ba. Ina ce wa mutane girmamawa ce, alhali tsoro nake ji ƙamshinta ya buge ni. Da na buɗe saboda saƙonki, ba ƙamshi na tarar ba. Damshi ya yi nasa, asu ya ƙarasa. Na ɗaga shuɗin zanen ya rabe a hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Maman yara ta toshe hanci ta ce ashe duk karatun nan babu shafin da ya ce a riƙa shanya kaya. Abin da ya tsira bai wuce tafin hannu biyu ba, ta wajen gefe.

Na ɗauka na tafi wurin Yaya, na shirya amsa uku don gorin da zai yi mini. Bai yi ba, kuma wannan ya fi gorin zafi. Ya kai ƙyallen dab da idonsa, ya shafa, ya ce nan Inna ce ta yi ƙari da hannunta, don ɗinkinta kullum hagu yake karkata. Sai ya miƙo mini allura ya ce in zura masa. Auta, idon Yaya ya kusa tafiya, ban kuma sani ba. Maƙwabcin shagonsa ne ke zura masa allura goma kowace safiya ya soke su a jikin labule. Ni da ke layi ɗaya da shi ina can ina gadin akwati.

Da zan koma gida mai gadi ya tare ni, matashin nan a hammata, ya koɗe amma da ransa. Ya tambayi lafiyata, ya yi wa Inna addu'a. Da sunanta ya yi.

Yaya yana kalmashe gefen ƙyallen, in ya gama zan ba mai zuwa wajenku ya kawo miki. Iyakar rabonki ke nan. Ki gaida maigidanki, da takwarar Inna, da ƙaramin sarkin rigima. Maman yara da 'yan biyu suna gaishe ku.

Har yau ban ba Yaya haƙuri ba, bakin ya ƙi buɗuwa. Ke dai na faɗa miki: shi ne da gaskiya. Ni na yi kuskure, da kayanki kuma na yi shi.

Naki,
Yayanki Farfesa