Na Cire Tsayawar Canjin Baki, Abokina Ya Daina Zuwa

Daga admin: wani dattijo a cikinmu ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aiki da injin sassaƙa na kwamfuta. Ban saba kai kukana gaban jama'a ba, kuma da a ce matsalar ta inji ce zalla, da na warware ta da kaina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ni da wani abokina, wanda zan kira Malam Isuhu, muna zaune a shagona da ke bayan gidana, babu na uku sai injin. Yana riƙe da sufana biyu a kan cinyarsa, yana jiran injin ya tsaya. Ni kuwa na san ba zai tsaya ba, domin ni na hana shi. Dole in koma baya kafin ku gane nauyin wannan.

Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne daga Sakkwato, aka kai shi aiki kudu, can na yi makarantar mishan. Malaminmu na aikin katako yakan ɗaga haɗin da ka yi ya duba shi a rana, in haske ya ratsa, sai ya karya a gabanka ka sake. Da wannan tarbiyya na tashi, da ita na koyar, kuma ban taɓa jin cewa kuskure ce ba. Aiki ko dai daidai yake, ko kuwa ba a yi shi ba.

A shekarun tamanin na buɗe shagon kafinta a nan Illela. Isuhu mutumin Konni ne a tsallaken iyaka, ya girme ni, shi ke wasa mini cizal da gizago. Tsarinmu shi ne, ni ke yanka, shi ke miƙo ƙarfe. Ba na cewa a ba ni kaza, da jin ƙarar katako ya san bakin da ke hannuna ya dakushe, sai in ga wani a tafina. Lokacin da aka rufe iyaka a waɗancan shekaru, ta gonakin wajen Kalmalo yake zagayowa a ƙasa, ƙarafana a cikin buhun gero, bai taɓa saɓa ranar kasuwa ba. Bature yake kirana, wai don ina auna abin da ido ya riga ya gani.

Yanzu mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya sun watsu a birane. In ban da gaisuwar masallaci, nakan wuni ban yi magana da kowa ba. Babban ɗana ya aiko mini da ƙaramin injin nan don in rage zaman shiru. Kamar yadda kuka sani, irinsa ba ya canja baki, wato ƙarfen da ke yankan, da kansa. Da farko ma ko umarnin M6 na canjin baki ba ya saurara, sai ya ci gaba da yanka da bakin da bai dace ba. Na zauna na koyi gyaran fos furosesa, wato ɗan fayil ɗin da ke mayar da zane zuwa umarnin da inji ke ji. A gurbin canjin baki na rubuta masa ya kashe juyawa, ya ɗaga kai, ya zo gaba ta hagu, ya tsaya da M0 har sai an danna masa. Na zaɓi gaba ta hagu ne domin nan kujerar Isuhu take, kuma gwiwarsa ba ta son yawan tashi.

Haka muka koma tsarinmu na dā. Kowace Lahadi kabu-kabu ya sauke shi, injin ya yi ta kuka, ba mai jin maganar wani. In ya zo gaban Isuhu ya tsaya, sai shago ya yi tsit. Ya kwance notin da ke riƙe baki, ya zare shi, ya sa wani, ya ɗaure, ni kuma in aza farantin awo in ɗauki tsayin sabon bakin. A wannan tsakanin muke shan shayi, ya ba ni labarin wanda ya rasu a Konni da wanda ya aurar da ɗiya, ya yi mini tsiya. Yakan ce wa injin, “To, ɗan mishan, an ba ka sabon haƙori, je ka ci.” Hirar da nake samu a mako ke nan gaba ɗaya.

Sai dai hannunsa ya soma rawa. Na lura notin ba ya ɗauruwa kamar dā. Na zura guntun bututu a hannun sufanar don ta ƙara masa ƙarfi, ya zare ya jefa ƙarƙashin benci, ya ce shi bai tsufa ba, in ni na tsufa in sa wa tawa. Na bar bututun a inda ya faɗa. Bayan haka muna sassaƙa ƙofar katakon maɗaci da na yi wa 'yata alkawari, bakin ya sulluɓo daga mariƙinsa yana cikin gudu, ya nutse, ya huda allon har ƙasa, ya karye. Guntun ƙarfen ya wuce ta gefen kunnensa ya kafe a bango. Ban ɗaga murya ba. Na ce masa injin ne ya yi tuntuɓe, ya ce dama abin Nasara ba shi da amana. Ban san ko ya yarda da abin da ya faɗa ba.

A cikin makon na koma kan fos furosesan. Na sa ya riƙa raba aiki, kowane baki da nasa fayil, na goge layukan tsayawar gaba ta hagu. Na ɗauko sabon allo na sake ƙofar, duk canjin baki na yi shi ni kaɗai a sauran ranaku, na bar wa Lahadi doguwar gogewa ta ƙarshe, wadda baki ɗaya ke yi daga fari har ƙarshe. A ganina na tsare katako, na tsare idonsa, kuma ban kunyata shi ba.

To, ranar da na fara ba ku labari ke nan. Ya jira, ya jira, shayi ya huce. Can ya matso kusa da kunnena ya ce, “Bature, mi ya hwaru, yau wanga abu ba shi gajiya?” Na ce na gyara shi, ba ya bukatar tsayawa. Ya dube ni, ya dubi injin, ya ce, “Madalla da gyara.” Ya tashi ya jera sufanun a kan benci, kai da kai, yadda ya san ina so, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Kafin azahar ya ce yana da sayayya a kasuwa, ya tafi.

Daga baya na kira wayarsa, jikarsa ta ce lafiyarsa lau, yana zaune a ƙofar gida. Na gaya wa ɗana, ya ce zai nemo mini injin da ke canja baki da kansa. Bai fahimci abin da na ce ba, ban kuma iya yi masa bayani ba.

Mayar da layukan nan ba wuya, ina da tsohon fayil ɗin. Amma in na mayar, notin zai ci gaba da zama sako-sako, kuma farantin awo tsayi kawai yake gyarawa, ba ya ɗaure noti. In kuwa na bi bayansa na ƙara ɗaurewa, kun san a wurinmu ba a bin sawun aikin wanda ya girme ka a gaban idonsa, gara ka kore shi. Na yi tunanin in sa tsayawar ƙarya, injin ya zo gabansa, ya canja baki, ya tafi ya yi ta shafar tarkacen katako a hankali. Mutumin da ke gane dakushewar cizal da kunne ba zai kasa gane wannan ba, kuma ni ban iya wasan yara da dattijo ba. Abin da ya rage shi ne in tsallaka Konni in ce masa hannunka ya gaza. Na gaya wa ɗalibai da yawa cewa aikinsu bai yi ba, ban ji komai ba. Wannan na kasa.

Saboda haka nake tambaya. Masu ilmin inji, akwai wata dabara, a fayil ko a mariƙin bakin, da za ta sa ɗaurin mai raunin hannu ya wadatar ba tare da ya ga an rage masa daraja ba? Masu iyaye tsofaffi kuma, yaya kuke karɓe aiki daga hannun mutum ba ku karɓe zuwansa ba? In laifina ne ku faɗa kai tsaye, na fi son haka.

Sabuwar ƙofar ta fito daidai, na ɗaga ta a rana, haske bai ratsa ko'ina ba. Jiya Lahadi ce, bai zo ba.