Katin bazdai ɗin ɗana ya fito da sunan babana

Salama gare ku 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, daga kafen intanet nake rubutowa kuma lokacina ya kusa ƙarewa.

Ni matar soja ce a nan Zuru, maigidana yana wurin aiki a kudu, ɗanmu zai cika shekara biyar ran Asabar mai zuwa. Na ce bari in yi masa ɗan bazdai a gidanmu, shinkafa da lemo da kek, yara su yi rawa. Na rubuta komai a takarda na ba yayana ya kai wa masu kwamfuta su buga kati hamsin, tunda shi ke da mashin.

Katin ya fito da kyau, har da balan-balan, amma ina karantawa na ga an canza abin da na rubuta. Bayan sunan yaron, maimakon sunan ubansa sai ga sunan babana, wurin biki kuma an sa gidan babana a Manga. Yayana ya ce wai kuskuren yarinyar da ke bugawa ne. Yarinyar da ba ta san mu ba, a ina ta samo sunan tsohona da ƙauyenmu? Na ƙirga katin, talatin ne. Da na matsa masa sai ya hau faɗa, wai ya riga ya raba ashirin ga dattawan dangi. Dattawa a bazdai ɗin yaro, su sha lemo su hura balan-balan?

Abin da ke damuna shi ne, maigidana bai gama golmo ba, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata. Saura shekara biyu ya gama sai ya shiga soja, muka yi aurenmu a coci. A al'adarmu kuwa, in miji bai gama golmo ba, dangin matar na iya cewa ɗan da aka haifa nasu ne. Babana bai taɓa tada maganar ba, amma ko da wasa bai taɓa kiran yaron da sunan ubansa ba. Jiya kuma mamata ta aiko wai in haɗo wa yaron kaya da yawa, har da yunifom ɗin makaranta.

Tsoro nake ji wallahi. In na faɗa wa maigidana, na san zuciyarsa, zai taso ba izini ya jawo wa kansa a wurin aiki. In na ƙi zuwa, na kunyata babana a gaban dattawa. In kuma na je, anya zan dawo Zuru da ɗana? Ku faɗa mini, ya zan yi?