Zanen Goyon Gwaggo a Kan Bututun Hita

Laraba da dare, Danau Kota

Har yanzu ƙaurin nan bai bar hancina ba.

Tun da Gwaggo ta zo ƙasar nan daga Zariya yi mini wankan jego, ruwan saman garin nan ya hana ta sakat. Kayan jariri ba sa bushewa, kuka da daddawar da ta zo da su sun fara fumfuna. Ashe ta gano bututun hitar gas ɗin da ke bayan kicin, wanda yake fitar da zafi waje. Ta jingina kwalin kayan miyarta a jikinsa, ta shanya zanen goyo a kai.

Yau da la'asar hitar ta daɗe a kunne saboda ruwan wankana. Ina shayar da Amira na ji ƙauri. Na tarar zanen yana hayaƙi, kwalin ya fara ci, ga tukunyar gas a gefe. Na rufe gas, na fizge su na sheƙa musu ruwa.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga fuskar Gwaggo.

"'Yar nan, a gida kusa da murhu muke shanya," ta ce a hankali. "Shi murhu ina ganin wutarsa. Wannan ɓoye tasa yake."

Abban Amira ya kwashe komai daga wajen, ya ɗaura mata igiyar shanya ƙarƙashin fanka.

Da zanen nan ta goya ni bayan rasuwar Umma. Ɗazu na leƙa ɗakinta, ta yanke inda ya ƙone, tana kalmashe bakin da allura. Wai gobe da shi za ta goya Amira.